Ranar da Muka Ƙara wa Jirgi Nauyi

Matasan da ke zuwa shagona a Narayi yanzu, kowa da waya a hannu, tambaya ɗaya suke kawowa: "Baba Ayuba, me zan cire jirgina ya rage nauyi?" Sun kalli bidiyo, sun yanka farin soson fom, sun manna da gam, sun ɗauka aikin yini ɗaya ne. Nakan nuna musu benci in ce su zauna. Jiragen da nake ƙerawa ba su da inji, ba su da farfela. Tsawon fukafukansu ya kai mutum ya miƙa hannuwansa biyu, ana harba su sama da roba, wani yana ƙasa yana tuƙa su da rimot. Daga lokacin da robar ta saki jirgi, ba shi da abin dogaro sai iska da nauyin jikinsa. Wanda bai san yadda waɗannan biyu suke zama tare ba, zai ƙera abu mai kyau, ya kalle shi yana tafiya, kuma ba zai sake ganinsa ba.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan ɗauko katako ne. Maigidana Baba Gyang, mutumin Filato, kafinta ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Ya koyi ƙera ƙananan jirage wurin wani injiniya Bature da ya yi aiki a can, kuma yana da rumfa a bayan gidansa a Sabon Tasha inda yake yin nasa in an tashi aiki. Ranar da na fara, ya aike ni bakin titi in ɗauko falle ɗaya na siririn katako irin na silin. Na ɗora a kai. Iska tana kaɗawa, sai fallen ya riƙa jan ni dama, ya ja ni hagu, har na kusa faɗawa kwata. Da na iso bai bar ni na sauke ba. Ya ɗauki bulo ɗaya ya ɗora a tsakiyar fallen, ya ce in koma inda na fito in dawo. Na je na dawo a miƙe, wuya kawai ke ciwo.

"Faɗin katakon ya canja?" in ji shi.

"A'a, Baba."

"Iskar ta tsaya?"

"Ba ta tsaya ba."

"To me ya canja?"

"Nauyi."

"Ka gama karatun shekara ɗaya. Saura ka koyi wasa reza."

Abin da ya nuna mini shi muke kira nauyin fiffike. Ka ɗora jirgi a sikeli ka san nauyinsa. Ka auna tsawon fiffike da faɗinsa ka san girman shimfiɗarsa. Ka raba nauyin da girman, sai ka san kayan da kowane tafin hannu na fiffiken yake ɗauka. In kayan kaɗan ne, jirgi yana tafiya a hankali, yana juyi a ƙaramin wuri, kuma 'yar iska mai ɗumi da ke tashi daga rufin kwano ta ishe shi ya hau. Ku dubi shirwa. In kayan da yawa ne, dole ya yi gudu kafin fiffike ya ɗauke shi, juyinsa yana cin fili, saukarsa da zafi. Ku dubi agwagwar ruwa in ta tashi. Abin da matasa suka fi kasa yarda da shi shi ne wannan: jirgi ɗaya, in ka ƙara masa nauyi, nisan da zai kai daga sama zuwa ƙasa a iska kwantacciya kusan ɗaya ne. Da sauri kawai zai ci tafiyar. Kuma gudun ba ya ƙaruwa daidai da nauyin. Sai ka ninka nauyi sau huɗu kafin gudu ya ninka sau biyu. To in iskar da ke tunkararka ta fi jirginka gudu, duk kyansa, baya zai riƙa yi.

Fiffiken farko da na haɗa da hannuna na gwangwala ne. Turawa suna da nasu katako marar nauyi da suke kira balsa, mu kuwa ba ma ganinsa sai wani ya dawo daga waje. Baba Gyang ne ya gano cewa gwangwalar da ake kawowa daga kudancin Kaduna don yin gado da kejin kaji ta ishe mu. Ɓargon cikinta mai laushi muke yankawa mu yi haƙarƙarin fiffike. Ɓawonta mai tauri muke tsagawa, mu haɗa biyu da gam, ya zama ƙashin baya wanda ke ɗauke da jirgin gaba ɗaya. Kayan aikin ba su cika akwati ba: reza, ƙaramin zarto, sanfefa, gam, fil na tela, da dutsen guga na gawayi da muke ɗame ledar da ake lulluɓe fiffike da ita. In gugar ta yi zafi da yawa leda ta huje, in ba ta yi ba leda ta yi tamoji. Ana gane daidai ne da kusantar da gugar ga kumatu. Sikeli kuwa na mai sayar da ƙusa muke ara, mu goge masa tsatsa mu mayar.

Ban taɓa tuƙa jirgin da na ƙera a gaban jama'a ba. Wannan aikin Malam Sani ne, mai gyaran rediyo daga Unguwar Sanusi, wanda na haɗu da shi bayan Baba Gyang ya yi ritaya ya koma gida. Shi ke kula da rimot, da risiba, wato ɗan akwatin da ke cikin jirgi yana karɓar umarni daga ƙasa, da 'yan injinan da ke jan wutsiya. Yana kirana Kafinta, ina kiransa Kyaftin. Yakan ce ni ina haihuwa, shi yana reno, kuma duk ɗan da ya lalace halin uwarsa ya ɗauko.

Wani Manjo ya taɓa ba mu aikin jirgi don 'ya'yansa. Sharaɗinsa ɗaya: ya daɗe a sama har yara su gaji da kallo. A zamanin soja irinsa ne masu sayenmu, hafsoshi da 'yan injiniyoyin masaƙa, kuma su ne ke kawo mana rimot da risiba in sun je kwas a waje. Soja kuwa in ya ce da sassafe, da sassafe yake nufi. A filin fareti muke tashi, raɓa ba ta bushe ba, ko ganye ba ya motsi. A irin wannan iska jirgin da ya fi rashin nauyi shi ke cin gasa. Jirgin Manjo, na kankare haƙarƙarinsa har ana ganin haske ta ciki. Ya hau ya zauna a sama kamar an rataye shi, Manjo ya sha shayinsa ya ƙare jirgin bai sauko ba. Daga nan duk wanda ya zo irinsa yake so. Shekara da shekaru muna gasar kankara, har masu ƙira irin namu a garin suka daina barin aljihu a cikin jirgi don zuba nauyi. Ba wanda ya ga amfaninsa, tunda duk tashinmu na asuba ne.

Sai shekara marar kyau ta zo. Tun da aka fara maganar miƙa mulki ga farar hula, hafsoshi suka kama jikinsu. Wasu aka yi musu canjin wurin aiki, wasu aka yi musu ritaya, waɗanda suka rage ba sa son a gan su da kayan wasa masu tsada. Masaƙu suna rage ma'aikata, baƙin injiniyoyi suna haɗa kaya. Na koma gyaran kujeru da ƙofofi. Risibobin da muke da su sun bi jiragen da muka sayar, saura guda ɗaya tak, ta Malam Sani, kuma babu mai dawowa daga waje ya kawo mana wata. Wani ɗan'uwansa a Abuja yana ta aiko masa ya zo su yi aikin haɗa wutar gidaje. Ya gaya mini ba tare da kwana-kwana ba: "Kafinta, ranar da risibar nan ta tafi, ni ma na tafi."

A daminar farko ta mulkin farar hula Madam Rahila ta zo shago gyaran bencin makarantarta. 'Yar Binuwai ce, tsohuwar malama, ta buɗe sakandare tata a Narayi. Ta ga jirgin da ke rataye a rufi, wanda muke kira Balbela saboda farin fiffikensa, ta tambaya ko na ado ne.

"Yana tashi, Madam."

"Kowa haka yake cewa. Mai janareta ma haka ya ce mini." Ta zagaya shi tana dubawa. "Ina son in buɗe wa yara ƙungiyar kimiyya, amma iyaye sun gaji da alkawari. Ranar rabon kyaututtuka ku zo ku tashe shi a gabansu. Ciyaman na ƙaramar hukuma zai zo. In ya tashi ya dawo, ina da ɗaki, ina da ɗalibai, ku koya musu. In ya tashi bai dawo ba, to ban san ku ba."

Ranar rabon kyaututtukan, an ce za a fara da hantsi. Mun isa tun da safe, muka kafa turke a ƙarshen filin ƙwallo ta kudu, muka ɗaura robar da muka yanka daga tib ɗin tayar mota, muka haɗa ta da doguwar igiyar kamun kifi. Iska kwance take, irin wadda Balbela yake so. Iyaye suka cika rumfuna. Ciyaman bai zo ba. 'Yan mawaƙan coci suka yi waƙa, yara suka yi rawa, aka sake waƙar. Malam Sani ya je ya yi azahar ya dawo, kujerar ciyaman tana nan da farin ƙyalle a kanta. Sai can wajen la'asar muka ji jiniya. Da aka fara jawabi kuma, duk wanda ya karɓi lasifika sai ya gaida kowa da muƙaminsa tun daga farko, kansila, mai ba da shawara, mai ba mai ba da shawara shawara. Mutane sun daɗe ba a ba su lasifika ba, ba wanda ke son ya saki.

Ni ba jawabin nake ji ba, rumfunan nake kallo. Iskar damina ta taso daga kudu, ba guguwa ba, amma mai ƙarfi marar yankewa. Tamfol yana kaɗawa, mata suna dafe ɗankwali. Malam Sani ya tsinki ciyawa ya wurga sama. Ba ta faɗi kusa ba, ta bi ta kan katanga ta nufi arewa, inda rufin gidajen Barnawa yake, bayansu kuma kogi.

"Kafinta, naɗe robarka," in ji shi. "Wannan iskar ta fi ɗanka gudu. In na sake shi sai dai masunta su kawo mana labari."

Madam Rahila ta iso da takardar shiri a hannu. "Ku ne na gaba."

"Madam, a ɗaga zuwa gobe da safe," in ji Malam Sani.

"Gobe da safe wa zai zo? Ni da maigadi?"

Na ce ta ba mu tsawon jawabi ɗaya. Ta ce wannan mai sauƙi ne, akwai wani kansila da ke ta harararta tun ɗazu.

A bakin ƙofar makarantar akwai mai faci. Na san masu faci suna tara 'yan guntayen darmar da ake maƙalawa a bakin ƙafar mota don kada ta yi rawa. In sun ciro tsofaffi, a gwangwani suke jefawa. Na tarar da nasa ya kusa cika. Na zaɓi masu faɗi na cika tafin hannu, na dawo da gudu. Na tsaga cikin Balbela da reza, daidai ƙarƙashin ƙashin bayan fiffike. Wurin yana da muhimmanci. In darma ta matsa gaba, jirgi zai riƙa dukan ƙasa da hanci. In ta matsa baya, ba mai iya tuƙa shi. Na jera su, na naɗe da tef, na ɗora jirgin a kan yatsuna biyu a inda ya saba zama. Ya karkata baya kaɗan. Na tura guda ɗaya gaba, ya zauna daram. A hannu na ji ya ƙaru da kusan rabin nauyinsa.

Malam Sani yana tsaye a kaina. "Shekara nawa kana kankare masa ƙashi, yau kuma kana ɗura masa ƙarfe? Fiffiken zai karye a kan roba."

"Ɓawo biyu ne a ciki, Kyaftin. Zai lanƙwashe, ba zai karye ba. Kada dai ka ɗaga masa hanci da ƙarfi wurin hawa."

"Ban taɓa tuƙa shi da wannan nauyin ba."

"Ba Balbelar da ka sani ba ne. Kada ka rage masa gudu. In ka lallaɓa shi kamar da, zai faɗo. Juyi ka ba shi fili. Sauka kuma zai zo da zafi, sai a kwashe yara daga bayan raga."

"Risibata ce a ciki, ka sani."

"Na sani."

Ya juya rimot a hannu. Ya dubi rumfuna, ya dubi arewa. Sannan ya zaro eriya har ƙarshe. "In ya faɗa kogi, kai za ka shiga. Ni ban iya ruwa ba."

Aka kwashe yara. Na maƙala igiya a ƙugiyar cikin jirgin, na ja da baya har roba ta fara jan ni. Mai lasifika yana cewa yanzu za a ga jirgin da aka ƙera a nan Kaduna. Wani daga cikin iyaye ya ɗaga murya: "Matuƙin yana ina? Ko ɓera aka sa a ciki?" Aka yi dariya. Malam Sani ya motsa wutsiya dama da hagu, ya yi bisimilla, ya gyaɗa kai. Na saki.

Balbela ya hau a tsaye, fukafukansa sun lanƙwashe sama kamar baka. Na ji ledar tana ƙara. Ba su karye ba. Iskar da muke tsoro ita ta taimaka masa, ya kai inda bai taɓa kaiwa ba kafin igiya ta zame. Filin ya ɗauki tafi. Amma hannu yana da abin da ya saba. Malam Sani ya ɗaga masa hanci don ya tsaya ya yi shawagi, yadda ya yi shekara da shekaru a filin fareti. Jirgin ya rasa gudu, fiffike ɗaya ya faɗi, ya juya, iska ta ɗauke shi. Kafin ya daidaita shi ya wuce katanga, ya wuce layin gidaje na farko, yana ƙanƙancewa ta wajen kogi.

"Ya tafi!" in ji wata mata.

"Sauke hanci, Kyaftin."

"Zai rasa sama!"

"Sama ba ta da amfani a Barnawa. Sauke hanci ka riƙe."

Wannan shi ne abin da ya fi wuya a tuƙi. Jirginka yana nesa, ƙarƙashinsa rufin mutane ne, kuma maganin shi ne ka nuna masa ƙasa. Malam Sani ya juyo da shi ya fuskanci iska, ya tura sandar gaba, ya riƙe. Da farko kamar an manna shi a wuri ɗaya. Da a ce Balbelar da muka zo da shi da safe ne, a nan zai tsaya yana saukowa har ya ɓace a bayan gidaje. Amma darmar tana jan shi gaba. Ɗigon ya fara girma. Ya tsallako layin gidaje. Ya tsallako bishiyar mangwaro da ke bayan katanga da ɗan rata. Da ya shigo kan fili sai muka ji yana fito, siririyar ƙara irin ta bulala, abin da bai taɓa yi ba. Yara suka ɓarke da ihu, malamai suka kasa tsare su a layi.

Malam Sani ya ji daɗin hannunsa. Da sauran gudun da ya tara ya ɗaga shi, ya yi juyi ɗaya mai faɗi a kan rumfuna, har ciyaman ya dafe hula. Sannan ya kai shi ƙarshen arewa, ya juyo, ya sauko da shi yana fuskantar iska. Ya taɓa ciyawa a tsakiyar fili, ya ja ciki, ya ci gaba da ja, bai tsaya ba sai a cikin raga.

"Gol!" in ji mai lasifika, filin kuwa ya amsa masa.

Aka ɗauko shi a ka zuwa rumfar manya. Ciyaman ya miƙa hannu ɗaya zai karɓa, ya ji abin, ya ƙara na biyu. "Kai! Ashe da nauyinsa. Me kuka sa a ciki?"

"Darmar mai faci, ranka ya daɗe," na ce.

"Ta wannan na bakin ƙofa? To a kira shi a tafa masa shi ma."

Malam Sani bai tsaya tafi ba. Ya karɓi jirgin, ya durƙusa a gefe, ya ɓare tef, ya zaro risiba. Ya busa ta, ya duba wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, ya motsa sanda, wutsiya ta amsa. Sai a lokacin ya share gumi da hularsa.

Iyaye suka kewaye Madam Rahila, kowa yana faɗin sunan ɗansa. Da ta samu ta zame, ta zo inda muke ta ciro mabuɗi daga cikin tarin da ke hannunta.

"Ɗakin yana bayan ofishina. Akwai tebur biyu, ɗaya yana rawa, amma ai da kafinta. Ku fara ranar Litinin."

"Da safe, Madam?" in ji Malam Sani.

"Da safe yara suna aji. Sai an tashi makaranta. Kullum da yamma, kamar yanzu."

Malam Sani ya dubi tamfol ɗin da iska ke kaɗawa, ya sa mabuɗin a aljihu, ya juyo gare ni.

"To ka ji, Kafinta. Koma wurin mai faci ka ɗauko gwangwanin gaba ɗaya."